Buhu ba ya fita sai da takarda

Wata Litinin da hantsi, azumi ya ƙarato, wani abokin cinikinmu ya iso daga Gider da motar haya zai ɗauki man girki jarka 60 da ya biya kuɗinsu tun ranar Alhamis. Na buɗe littafi, littafi ya ce akwai jarka 84 a sito. Muka shiga tare da shi, muka tarar da 11. Ba sata aka yi ba. Ranar Asabar Baffa ya bugo waya daga wurin wani ɗaurin aure ya ce a loda wa wani mutumin Marwa, aka loda, babu wanda ya rubuta, domin magana ce ta Alhaji.

Mutumin Gider bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Alhaji, motar nan da na ɗauko fa, wa zai biya mai ita?" Muka biya. Amma yadda ya juya ya fita yana gyara hularsa, shi ne abin da ya hana ni barci a daren nan. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru bai taɓa sayen mai a wani wuri ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne, ya fi shekara 30 yana sarin kayan masarufi a Garwa, a arewacin Kamaru: shinkafa, sukari, fulawa, man girki, sabulu, madara, tumatirin gwangwani. Muna da sito biyu a Garwa da ƙaramin reshe a Marwa. Yawancin kayan daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, a sauke a loda wa manyan motoci, su gangaro tsaunin nan su yi tafiyar kilomita kusan 280 kafin su tsallako gadar Binuwai. Man auduga na Diamaor ne kawai muke ɗauka nan gida, tunda Sodecoton, kamfanin da ke yin sa, a Garwa yake. Ni kuwa bayan na gama karatun lissafin kuɗi a jami'ar Ngaundere, Baffa ya ce in zo in riƙe masa ofis. Abin da na tarar shi ne littattafai 9, kowanne da mai riƙe shi, da wani fayil na Excel da nake ta faman ɗinke su a ciki duk ƙarshen wata. Littafi na goma, wanda ya fi duka girma, yana cikin kan Baffa.

Ya kamata in faɗi cewa mun taɓa gwadawa muka faɗi. Shekara biyu kafin wannan Litinin, wani matashi ya zo ya sa mana manhaja a kwamfuta, ya koya mana kwana uku, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Muka kwafe abin da ke cikin littattafai muka zuba mata kamar yadda yake, da gyararre da ɓatacce. Kafin wata biyu manhajar tana cewa muna da shinkafa ƙasa da babu, buhu 200 a ƙarƙashin sifili. Kowa ya koma littafinsa. Daga nan duk sanda na ɗauko maganar kwamfuta sai Baffa ya ce, "Ai mun gani." Gaskiyarsa ce, ya gani.

Abin da muke buƙata, wanda ake kira ERP, masu Faransanci su ce PGI, manhaja ce guda da ke ɗaure saye da sito da sayarwa da bashi da lissafin kuɗi da igiya ɗaya. In an sayar da buhu a kanta, a take ya ragu a sito, ya hau kan bashin mai saye ko ya shiga akwatin kuɗi, ya kuma faɗa asusun da ya dace a babban lissafi, ba tare da wani ya sake rubuta shi ba. Ƙarfinta ke nan, kuma nan ne haɗarinta: ƙarya ɗaya in ta shiga, ta shiga ko'ina.

A karo na biyu ban fara da neman manhaja ba. Na ɗauki biro da takarda na bi buhun shinkafa da ƙafata. Na je Ngaundere na tsaya a tashar jirgi na ga yadda ake saukewa da wanda ke sa hannu, na biyo motar har Garwa, na kwana biyar a ƙofar babban sito ina rubuta duk abin da ya fita da dalilin fitarsa. A zatona hanya biyu ce kaya ke fita, kuɗi hannu ko bashi. Ashe hanyoyin sun kai bakwai. Akwai wanda ake turawa Marwa. Akwai kayan gida, na tukunyar iyalin Baffa da na gidan mahaifina. Akwai wanda ya lalace, buhun da ruwa ya taɓa ko jarkar da ta fashe. Akwai aro, wato maƙwabcin ɗan kasuwa ya aiko yaro ya ce a ba shi sukari katan 20 kafin motarsa ta iso, ya mayar da sukari, ba kuɗi ba. Akwai kuma wanda Baffa ke aikawa gidajen da ba ya son a san yana aikawa. Tsohuwar manhajar hanya biyu kawai muka buɗe mata, sauran biyar suka ci gaba da zuba ta bayan gida. Ranar da na gane haka na daina ganin laifin matashin nan shi kaɗai.

Zaɓen manhajar bai ɗauke mu lokaci ba. SAP ta Jamus ta manyan kamfanoni ce, ba sa'armu ba ce. Sage ita ce akantoci da yawa na wannan yanki suka saba da ita, kuma na yi aiki da ita a makaranta. Muka tsaya a kan Odoo ta ƙasar Beljiyam, saboda ana ɗaukarta gaɓa gaɓa, ka fara da sito da sayarwa ka ƙara sauran daga baya, kuma tana zuwa da jadawalin asusu na OHADA a shirye. Wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokar kasuwanci ta OHADA, kuma tun 1 ga Janairu 2018 sabon tsarin SYSCOHADA ne ake rufe lissafi da shi: kayan sito a aji na 3, masu bin mu da waɗanda muke bi a aji na 4, kuɗin hannu da na banki a aji na 5. Ga harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, na kashi 19.25 cikin ɗari, wanda doka ta ɗauke wa wasu kayan masarufi ta bar shi a kan wasu, don haka kowane kaya sai an gaya wa manhaja matsayinsa tun farko. Abin da na fi dagewa a kai ba sunan manhajar ba ne, mutumin da zai kafa mana ita ne. Na ce sai wanda zai zauna a Garwa wata uku, ya sha zafinmu, a biya shi kashi kashi, kashin ƙarshe sai bayan mun rufe wata guda cif da manhajar. Mutum biyu suka ƙi. Na uku ya yarda, shi muka ɗauka, kuma muna kiransa injiniya har yau.

Aikin da ya fi cin rai, wanda babu mai ganinsa, shi ne sunayen kaya. Shinkafa iri ɗaya na same ta da suna huɗu. A littafin saye an rubuta ta da sunan da ke jikin takardar Duwala, yaran kanta suna ce mata mai jan buhu, a Marwa suna kiranta da Fulatanci, Baba mai sito kuma yana da nasa sunan da ya rubuta da ajami. Ga mai kilo 50 ga mai kilo 25, duk buhu ake cewa. Sabulu ana sayensa katan, a sayar da shi katan ko dozin ko ɗaya ɗaya. Muka yi sati uku ni da injiniya da Baba, bayan la'asar, ana ɗauko kaya ɗaya ɗaya a ajiye a gabanmu, a ba shi lamba, a yanke suna guda, a rubuta guda nawa ne a katan, a ɗauki hotonsa da waya. Jerin da ya fara da suna sama da 600 ya dawo 340. Hotunan nan sun yi mana rana daga baya, domin ba duk yaranmu ne suka yi lekol mai nisa ba. Wanda Faransanci ya yi masa nauyi yana gane jan buhu in ya gan shi a allo.

Sai maganar dala. Wanda bai zauna a kasuwarmu ba ba zai san girman wannan ba. Mu a baki ba ma ƙirga kuɗi da faran, wato sefa, da dala muke yi, dala ɗaya faran 5. Mutanen Cadi da ke zuwa mana ta Kuseri su kuma riyal suke cewa, shi ma faran 5 ne. A ranar gwaji ta farko na tsaya bayan wani yaronmu mai kaifin kai, aka ce masa an biya dala 3,000, ya buga 3,000. Kuɗin da ke hannunsa faran 15,000 ne. A littafin hannu wannan bai taɓa zama matsala ba, domin mai littafin ya san da wane harshe ya rubuta. Manhaja ba ta sani ba. Muka kafa doka cewa a allo faran ne kawai, kuma kafin a danna sai yaro ya karanta wa mai saye adadin da faran da babbar murya. Na rubuta jadawalin dala da faran a kwali na manna a gefen kowace kwamfuta. Kwalin yana nan har yanzu, ya yi baƙi da hannu.

Bashi kuwa a ɗakin Baffa muka yi shi, bayan isha'i, dare goma sha wani abu. Ina karanto suna, yana lumshe ido yana faɗin abin da ake bin mutum, ina gwadawa da littafi. Inda suka saɓa sai in sa alama. Daga nan na hau babur na bi mutane, Pitowa ranar Lahadi da kasuwarta ke ci, Gider, Figil, ina nuna wa kowa abin da muka rubuta ina neman ya amince ko ya gyara. Na tafi da fargabar za a ji haushi. Akasarinsu daɗi suka ji. Wani dattijo a Pitowa ya shiga ɗaki ya fito da tasa takardar, ya nuna mini cewa bashinsa ya fi abin da muka rubuta da kuɗin fulawa buhu 8. Ya ce, "Rubuta daidai, ɗana. Ba na son in je kabari da shi."

A waɗannan darare ne Baffa ya fito da abin da ke cikinsa. Ya ce, "Kai yaro, wannan na'urar taka, in na aika wa wata gwauruwa shinkafa, duk yaran kanti za su gani ke nan?" Sai a lokacin na fahimci ƙin da yake yi tun farko. Ba tsoron sabon abu ba ne. Yana tsoron a tona asirin mutanen da yake rufa wa asiri. Washegari na zauna da injiniya muka buɗe wata takardar fitar kaya ta musamman. Sito yana ganin buhu 2 sun fita da izinin Alhaji, amma ba suna, ba unguwa, kuma asusun da take faɗawa daga ni sai shi ke iya buɗewa. Na nuna masa a allo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ku ci gaba." Wannan ita ce yardar da aka gina komai a kanta, kuma da ban zauna daren nan ba da ban same ta ba.

Shekarar lissafi a tsarin OHADA daga Janairu take zuwa Disamba, don haka muka sa ranar farawa 2 ga Janairu, muka ce za a rufe sito kwana biyu a ƙarshen Disamba a ƙirga komai. A nan ne na yi kuskuren da ya kusa rushe aikin. Na sanar da ƙidayar a gaban yara ba tare da na fara zuwa wurin Baba mai sito ni kaɗai ba.

Baba ya girmi Baffa. Tun Baffa yana da rumfa ɗaya yake riƙe masa makulli. Da asuba ranar ƙidaya ya shigo ofis, ya ajiye makullan a kan tebur a hankali, ya ce, "Alhaji, shekara 26 ban taɓa kai ko ƙwayar sukari gidana ba da saninka ba. In yau sai an ƙirga ni, ga amanarka." Ofis ya yi tsit. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Baffa ya tashi ya ɗauki makullan ya kama hannun Baba ya mayar masa, ya ce, "Malam, ba kai za a ƙirga ba, ni za a ƙirga. Ni ne nake ɗibar kaya da baki. Kai za ka shugabanci aikin nan, kuma duk abin da aka samu, ragi ko ƙari, ya wuce, ba mai tambayar kowa." Sannan ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusa, ya shiga sito ya fara ƙirga katan ɗin madara da kansa. Ni kuma na bi Baba har bakin sito na durƙusa na ba shi haƙuri.

Ƙungiya biyu muka yi, kowacce ta ƙirga sito gaba ɗaya ba tare da ta ga takardar ɗayar ba, inda suka saɓa a sake. Mun samo tumatirin gwangwani katan 30 a bayan tarin fulawa, kwanansa ya ƙare tun bara. Mun samo sabulun da littafi ya ce ya ƙare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka gwada sakamakon da fayil ɗina na Excel da kuma ɗan littafin ajami na Baba, nasa ne ya fi kusa da gaskiya, nesa ba kusa ba. Shi yana rubuta aro, yana rubuta buhun da ya yage aka share aka sake ɗurawa. Ni ban ma san ana yi ba. Na faɗi haka a gaban kowa, domin hakkinsa ne a faɗa.

Wuta da zafi su ma sai da aka yi musu shiri. Wutar arewa ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, kuma a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40. Muka ajiye babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai a ofis, muka haɗa ta da faifan sola da batura, ta yadda ko intanet ta yanke kantin Garwa ba zai tsaya ba. Marwa ce ke shigowa ta intanet, da layin kamfani biyu, in ɗaya ya ƙi a koma ɗayan. Kowane dare ana kwafe bayanan a wani faifai da nake tafiya da shi gida, kuma injiniya ya sa ni na gwada dawo da su a wata kwamfutar da hannuna har sau biyu kafin ya yarda na iya. Wani abu kuma da babu wanda ya hango: ƙaramar na'urar buga rasit mai aiki da zafi. Direba ya ajiye rasit a gaban mota, kafin ya kai Figil takardar ta yi baƙi ƙirin, ba a karanta komai. Muka koma tsohuwar na'ura mai allura da takarda mai kwafi uku, fara ta mai saye, ɗaya ta sito, ɗaya ta ofis. Tana da ƙara, amma rubutunta ba ya gudu.

Satin farko na Janairu ya yi tsanani. Abin da yaro ke rubutawa da biro cikin daƙiƙa kaɗan ya koma minti biyar. Layi ya fito har titi. 'Yan dako, waɗanda da buhu ake biyansu, suka fara gunaguni cewa mun kashe musu yini, kuma suna da gaskiya. Ranar Laraba babban yaron kanta ya zo ya ce, "Yaya, mu koma littafi yau kawai, gobe sai mu shigar." Na san in na yarda da yau kawai, an gama. Na ce a'a, na ja kujera na zauna a kanta ina bugawa da kaina har magariba. Da dare muka duba inda lokaci ke tafiya. Injiniya ya ɓoye duk wani gurbi da ba mu buƙata a allon sayarwa. Muka sayo na'urar bugawa ta biyu. Muka roƙi manyan abokan ciniki su turo abin da suke so ta WhatsApp tun dare, da safe su tarar da takardarsu a buge. 'Yan dako kuma Baffa ya ƙara musu wani abu a kan kowane buhu na tsawon watan. Kuɗin da ke shigowa ta Orange Money da MTN MoMo muka buɗe wa kowanne asusunsa dabam da na akwati, domin a kwanakin farko an cakuɗa su, akwati ya riƙa nuna kuɗin da babu shi a ciki. Kafin sati na uku layin ya koma yadda aka saba.

A sati na ukun nan ne abin ya faru. Baffa yana Ngaundere, ya bugo wa Baba waya ya ce a ba wani direba sukari katan 50, yana sauri zai wuce Kuseri. Ina tsaye a wurin. Baba ya riƙe wayar da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Kai ka ce buhu ba ya fita sai da takarda. Ka kira yaron nan ya buga, minti biyu ne, ni kuma in buɗe." Na ji shiru a wayar, shirun da ya yi mini tsawo ƙwarai. Sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Baffa ne. Ya ce, "Buga masa takarda." Ban ƙara ko kalma ba, na buga, Baba ya karɓi kwafinsa ya duba, ya buɗe sito. Yaran kanta duk sun gani, kuma daga ranar ban sake jin wani ya ce a bari sai gobe a shigar ba.

Amfanin da ya fara bayyana ba wanda na zata ba ne. Da can in an tambayi Baffa nawa buhun fulawa ya tsaya mana, sai ya ɗauki farashin Duwala ya ɗora wani abu a kai da ka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimarsa ba ta cika nisa da gaskiya ba. Sai dai yanzu kowace mota in ta iso, ana ɗora wa kayan da ta kawo kuɗin jirgi, da na saukewa da lodi a Ngaundere, da na mota, da faran 500 na kowane shingen kuɗin hanya, da na 'yan dako, a raba bisa nauyi, manhaja ta fitar da matsakaicin abin da kowane buhu ya ci. Da muka rufe wata uku sai ga shi a fili: fulawa, wadda muke gani ita ce uwar ciniki saboda yawan fitarta, ribarta siririya ce, in aka kai ta Marwa ma kusan babu. Sabulu da madara, da ba mu ɗauke su a bakin komai ba, su ne ke ɗauke da gidan. Baffa bai daina fulawa ba, ya ce ita ke kawo mutane ƙofa, kuma na ga hikimar hakan. Amma ya daina bayar da ita bashi mai tsawo, ya kuma sa Marwa ta riƙa karɓar tata kai tsaye daga Ngaundere ba tare da an sauke a Garwa an sake lodi ba.

Rufe wata da yake cin mini kwana goma sha biyu ya dawo kwana uku. Takardun haraji na ƙarshen shekara, da akanta na waje yake zuwa ya yi sati yana tono a littattafai, ya same su a shirye. Mutumin Gider ya dawo, kuma yanzu in ya biya, kayansa na kamawa da sunansa a manhaja, ba mai iya sayar da su ga wani ko da Alhaji ne ya bugo.

Amma ranar da na ga abin ya shiga zuciyar Baffa ita ce ranar fitar da zakka. Shekara da shekaru da ƙiyasi yake yi, ya ƙara wani abu a kai don tsoron kada ya rage hakkin Allah. A mazhabar Malikiyya ɗan kasuwa irinsa, mai juya kaya kullum, yana yi wa kayansa kima da farashin kasuwa na ranar da shekara ta cika, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya cikin 40. Manhaja kuwa da farashin saye take kimanta sito, don haka na fitar da adadin kowane kaya na ɗora masa farashin ranar, na raba basussuka gida biyu, masu rai da waɗanda aka fid da rai. Muka kai wa malaminsa takarda shafi huɗu. Malam ya bi ta layi layi, ya yi tambaya a kan kayan aro da kuma abin da masu kaya na Duwala ke bin mu, na ba shi amsa daga takardar. A hanyar dawowa Baffa bai ce komai ba sai da muka kusa gida. Ya ce, "Yau ne karo na farko da na fitar ban kwana ina tunanin ko na rage ba."

Akwai sauran aiki. Albashi har yanzu a waje muke yinsa. Reshen Marwa in intanet ta yi rauni suna rubutawa a takarda mai lamba su shigar da yamma, kuma ba kullum suke cikawa a ranar ba, sai na bi su da waya. Masu zuwa daga Mubi da Yola da naira, tun da darajarta ta faɗi a 2023 muka ce su canza a kasuwa su kawo sefa, domin ban yarda in buɗe asusun kuɗi biyu ba kafin yaran su ƙware a ɗaya.

Baba bai taɓa kwamfuta ba, kuma ban matsa masa ba. Jikansa ne ke zaune a allon sito, shi kuma yana kan bencinsa da makullai da ɗan littafin ajami. Shi ya kawo shawarar da muke bi yanzu: duk Alhamis da safe ya zaɓi kaya biyar da ransa ya ba shi, ba ya gaya wa kowa tun da wuri, a ƙirga su a gwada da abin da allo ya ce. Yawancin makonni suna dacewa. Alhamis ɗin da ta wuce sabulu ya yi giɓin katan 2, mun bi takardun sati guda ba mu gano ba tukuna. Baba ya ce a duba aron da aka mayar ranar Talata, yana zargin an karɓi 18 an rubuta 20. Gobe da safe zan je wurin maƙwabcin namu da kwafin takardar.